Rami na Uku Daga Dama

Shekara biyu na yi a kamfanin kafin in ga abin da ke bayan ƙofar ƙarfen da ke kusa da teburina. Ƙaramin kamfani ne, a hawa na biyu na wani bene kan hanyar da ke gangarawa daga unguwar Nima zuwa shataletalen Circle, mai kai wa mutane intanet: shagunan buga takardu, makarantu, gidajen alhazai a Nima da Maamobi. Ni aikina amsa waya. Mutum ya kira ya ce layinsa ya mutu, in ba shi haƙuri, in rubuta unguwarsa, in miƙa wa babban injiniyanmu. Masta muke ce masa, yadda masu koyon sana'a a nan ke kiran wanda yake koya musu. Idan waya ta yi shiru sai in zaro littafi daga jaka. Littattafan soyayya ne da wata Hajiya ke kawowa daga Kano a ƙasan kayan atamfa, muna karantawa muna miƙa wa juna har bango ya cire. A cikinsu na koyi Hausar rubutu, don tamu ta Zongo rabinta Twi ne, yaren mutanen ƙasar, da Turanci. A cikinsu kuma na ɗauko halin nan na ganin kowace rufaffiyar ƙofa kamar akwai wani a bayanta yana jiran saƙo.

Wata Laraba Masta ya rasa wanda zai riƙe masa tocila. Ya leƙo ya ce, "Malama, ajiye masoyanki ki zo."

Sanyi ne ya fara tarye ni, sai ƙara, irin ta fankoki da yawa masu juyawa lokaci guda. A tsakiyar ɗakin akwai baƙin kabad na ƙarfe da ya fi ni tsawo, a cikinsa kuma rauta. Na san ƙaramar rauta mai ƙaho biyu da muke liƙa wa mutane a bango. Wannan uwarsu ce. Girmanta ya kai firjin mai sayar da ruwan leda, gabanta kuwa faranti-faranti ne, an zura su ɗaya bisa ɗaya kamar tiren burodi a tanda. Kati Masta ke ce wa kowane faranti. Kowane kati yana da ramuka goma sha biyu a layi, kowane rami da 'yar fitilarsa. Wasu an toshe su da murfin roba. Wasu kuwa siraran kebul masu ruwan ɗorawa sun fito daga cikinsu bibbiyu, sun lanƙwasa, sun hau sama sun ɓace cikin silin.

"Haska nan," in ji Masta. "Ba fuskata ba. Ita na san ta."

Tun daga ranar na addabe shi da tambaya. Me ya sa kebul ɗin bibbiyu ne? Ya ce ɗaya na tafiya ne, ɗaya na dawowa. Na ce wato wasiƙa da amsarta. Ya ce in na ga dama. Me ke cikinsu, wuta? Ya ce babu wuta, zaren gilashi ne da bai wuce kaurin gashin kaina ba, haske ke bi ta ciki. Faiba sunansa. Hasken kuma ido ba ya ganinsa, amma in mutum ya kafa ido a bakin zaren yana iya lalata masa gani, shi ya sa shi ba ya kai fuskarsa kusa da faiba sai ya auna ya tabbatar a kashe take. Murfin robar fa? Saboda datti. Ɗan datti ɗaya a bakin rami yana iya hana makaranta guda rajistar jarrabawa. Na ce to yaya haske ke ɗaukar muryar mutum, har da dariyarsa, har da shirun da yake yi kafin ya faɗi abin da ke ransa? Ya ɗago kai daga ganyen da aka ƙunso masa wake da shinkafa ya ce, "Malama, ki bari in ci abinci."

Amma da la'asar shi da kansa ya kira ni, ya zana mini a bayan ambulan.

Mai kamfanin, Madam, Ba'ashantiya ce da ta tashi a Zongon Kumasi. Tana jin Hausa, da ita ma take faɗa. Masta ya je mata da maganata. Ta ce ita ba ta ɗauki mai amsa waya don ta zama injiniya ba, amma tunda ya matsa, a ba ni makullin ɗakin in riƙa duba sanyinsa safe da yamma, in goge ƙasa, kada in taɓa komai. In wata uku suka wuce lafiya za ta ɗauko wata ta zauna a tebur, ni in bi Masta koyon aiki. In kuma aka sami matsala, makulli ya koma aljihun teburinta, magana ta ƙare. Na sa makullin a zare na rataya a wuya a ƙarƙashin mayafi. Ban taɓa son wani abu da ba a cikin littafi yake ba kamar yadda na so wannan aikin.

Kullum da safe in na gama shara sai in tsaya gaban rautar. Ramukan kati na biyu na fi so, don su ne daidai idona. Sai suka riƙa yi mini kama da dattawa a kan benci a ƙofar masallaci. A wurinmu in ka iske mutane a jere, daga hannunka na dama kake fara gaisuwa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ba ka tsallake kowa. Haka Mma, mahaifiyata, ta koya mini tun ina ƙarama, da rankwashi. Haka ake raba goro, haka ake miƙa ruwa. A makarantar Arabiyya ma daga dama muke fara layi, kuma na riga shiga can kafin boko. Don haka ban taɓa tsayawa na zaɓa ba, na farko a wurina shi ne na ƙarshen dama. Fitilarsa ba ta ƙiftawa sosai, sai na ce tsoho ne mai jiran kiran ɗansa. Na biyu a toshe yake, na ce wannan ya yi tafiya. Na uku kuwa ba ya hutawa, fitilarsa na rawa safe da yamma, na yanke cewa wasu biyu ne da hirarsu ba ta ƙarewa.

Akwai lambobi a jikin katin, daga baya na gan su, ƙanana, toka-toka, kebul sun lulluɓe su. Takardar shaida kuwa babu ko ɗaya a jikin kebul. Inda kowanne ya nufa yana cikin kan Masta.

Sati bakwai da karɓar makulli, ranar Lahadi da hantsi, ina guga Masta ya kira. Mma ta riga ta fita ɗaurin auren 'yar wani Alhaji a bayan kasuwar Nima, ni kuma ina shirin bin ta. Ya ce faibar wata makaranta a Maamobi ta sami rauni, yana can kan rufinsu zai yanke ya sake haɗawa, yana so a cire masa ita daga ɓangaren ofis don hasken ya ɗauke. Ba mai makulli kusa sai ni.

"Madam ta ce kada in taɓa."

"Madam ta ce kada ki taɓa da hannunki. Yau hannuna ne, aro na yi. Sa shi a torotoro ki kawo."

Na hau torotoro, ƙaramar motar hayarmu, na isa da kayan bikin a jikina, na buɗe ɗakin, na toshe kunne ɗaya da yatsa don in ji shi.

"Kati na biyu daga sama, rami na uku. Akwai ɗan harshe a kan kebul ɗin, ki danna ki ja a hankali. Ki sa murfi a ramin, ki sa wani a bakin kebul. Kada ki leƙa."

Na ƙirga. Tsoho, matafiyi, masu hira. Har na ɗan yi murmushi, na ce ashe mutanen nawa a makaranta suke, ko malami ne da malama. Na yi bismillah, na danna, na ja. Ya fito cikin sauƙin da ya ba ni mamaki. Fitilar ta mutu.

"Na cire."

"Madalla. Zauna nan sai na kira."

Na jawo kujera na zauna a cikin sanyin, na buɗe littafi. Ƙarar fankokin ba ta bari a ji abin da ke waje, don haka ban san wayar teburina na ta ruri ba. Babi ɗaya da rabi na karanta kafin ya kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, ban taɓa jin ta haka ba.

"Malama, me kika cire?"

"Na uku."

"Na buɗe akwati, na jera kayan aiki, na sa ma'auni kafin in kai fuskata. Haske na nan yana zuwa. Da bakinki na bi, da yanzu ido ɗaya zan kai wa matata. Duba ramin da kika toshe. Ramuka nawa ne a hagunsa?"

Na bi su da yatsa. Na ce tara.

Na ji yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Sai ya ce, "Mayar. Wannan Nima ce, bayan kasuwa gaba ɗaya."

Na cire murfin, na tura kebul ɗin har ya yi ɗan ƙas. Fitilar ta tsaya baƙa. Na ƙura mata ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga banɗaki. Can ta kawo ruwan lemo, sannan ta koma kore ta ci gaba da rawarta.

"Yanzu fara daga hagu," in ji Masta. "Na farko sunansa sifili. Faɗa in ji."

"Sifili. Ɗaya. Biyu. Uku."

"Shi."

Na cire wannan, ya auna, ya ce ya ɗauke. Ya yi aikinsa, na mayar. Da na fito na iske wayar tebur na kuka, na zauna na amsa kira ya fi goma, ina ba mutane haƙuri da muryar da na saba, ina ce musu an gyara. Bikin dai ban je ba.

Bayan azahar Mma ta dawo da robar shinkafa da labari a baki. Tun kafin ta cire mayafi ta fara.

"Kin yi asarar kallo. Ango yana Jamus, takardu ba su bar shi ya zo ba, sai aka jingina waya a jikin kwanon goro gaban liman don ya ga ɗaurin aurensa. Mu muna ciki, amma labari ya iske mu. Yana can ya sha babbar riga, yana ta gyara hula. Liman na buɗe baki sai hoto ya daskare, ango baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Aka girgiza waya, aka ɗaga ta sama, aka fita da ita tsakar gida. Intanet ɗin gidan ya mutu, layin waya kuma kin san lungun nan in mutane sun cika. Liman ya ce shi yana da wani ɗaurin auren, wakilin ango na nan, shaidu na nan. Aka ɗaura. Ana shafa fatiha hoto ya dawo, ango yana cewa, to ku fara mana."

Ta yi dariya har ta zauna. Ni kuwa na tsaya da dutsen guga a hannu. Shekara nawa ina jin haushin duk wanda ya shiga tsakanin masoya a littafi, ina rufe shafi in yi tsaki. Yau ga shi da yatsa biyu na fitar da mutum daga ɗaurin aurensa, ina zaune ina karatu.

Na gaya mata. Ta daina dariya, ta sa na sake bayani, har na jera mata cokula goma sha biyu a kan tabarma.

"Daga ina kika fara?"

"Daga dama."

"To daga ina za ki fara? Wane marar tarbiyya ne ya ƙera abin?" Ta tattara cokulan. Can ta ce, "Amma amaryar ta yi kuka fa. Ki san da wannan."

Ranar Litinin na iske Madam ta riga ni zuwa. Alhaji uban amarya ya kira ta tun jiya, kuma da alama bai yi mata da sauƙi ba. Ta nuna ni da biro tana kallon Masta, ta ce da Hausarta ta Kumasi mai mayar da mace namiji, "Wannan yarinya ya kashe mini Nima ranar aure. Kawo makulli."

Na zare zaren daga wuyana na ajiye a teburinta. Ta jefa shi cikin aljihun tebur ta rufe.

Masta ya ce, "Madam, ni na aike ta. Kafin ki yanke, zo ta nuna miki yadda ta ƙirga."

"Ƙirga kuma sai an nuna mini?"

Amma ta tashi. Muka shiga ɗakin mu uku, ta rungume hannuwa saboda sanyi. Na tsaya gaban kati na biyu, na ɗora yatsa a ramin ƙarshen dama na ce ɗaya, na matsa na ce biyu, na ce uku. Na ce yadda ake gaisuwa na bi. Labarin tsoho da masu hira ban kawo ba.

Madam ta gane nan take, don su Ashanti ma haka suke gaishe da mutanen da ke jere, har sun fi mu tsanantawa. Ta juya ga Masta.

"Ina aka rubuta uku?"

Ya zaro tabarau, ya ɗage kebul ɗin da ɗan yatsa, ya nuna mata.

"Kai ma sai da ka sa gilashi. Ina aka rubuta wannan na Nima ne?"

Ya taɓa goshinsa.

"In torotoro ya buge wannan kai fa? In kira wa? Matarka?"

Masta ya mayar da tabaransa aljihu. Ta ce makulli dai ya shiga aljihu, don abin da ta faɗa ke nan tun farko, kuma ba za ta janye ba. Amma mu biyu za mu liƙa wa kowane kebul a ɗakin nan takarda, da lambar raminsa da inda ya nufa, da rubutun da makaho ma zai iya shafawa ya gane. Ni ba zan shiga ba sai Masta na ciki. In mun gama za ta duba maganata. Kafin nan, yau ɗin nan, mu je gidan Alhaji.

Mun je. Alhaji ya yi faɗansa, Masta ya ɗauki laifin rabi da rabi, ni aka shigar da ni wurin amarya. Lalle na nan ɗanye a hannunta. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta kalle ni ta ce, "Wai abin da kika cire, kamar yaya girmansa?" Na nuna mata ɗan yatsana. Ta kalli yatsan, ta ce shi ke nan, ta yafe, amma shi ango can ya ce sai an sake masa walima in ya zo.

Sati uku muka yi muna aikin, tsakanin kira da kira. Masta na faɗa, ina rubutawa da baƙin alƙalami mai kauri, sannan mu kira mai layin mu tabbatar. Nan na san mutanena na gaskiya. Tsohon nan mai jiran ɗansa ashe shagon ɗaukar hoton fasfo ne. Masu hira kuwa gidaje ne da shaguna masu yawa, duk sun taru cikin zare ɗaya, abin da har yau in na tuna sai in tsaya. Na tambayi Masta me ya sa ake farawa da sifili, alhali rami ne ga shi ana gani. Ya ce masu ƙera ta ba mutane suke ƙirgawa ba, taku suke ƙirgawa daga bakin kati. Na farko ba ka yi taku ko ɗaya ba ka same shi. Na kwana biyu ina juya wannan a raina, ina gwada shi a kan ƙofofin lungunmu.

Saura kebul ɗaya, kati na huɗu rami na bakwai, sai Masta ya tsaya. Fitilarsa kore ce. Ya ce na wani kantin magani ne. Muka kira, suka ce su ai sun bar mu tun bara. Ya ce to na ofishin lauyan nan ne. Ba shi ba ne. Ya duba kwamfutarsa, ba komai a rubuce. Ya cire tabarau ya mayar.

"A cire mu ga wanda zai yi kuka," in ji shi.

Na ce a'a, ni na ga yadda ake kukan. Na roƙe shi ya bar ni in bi shi.

Ya hau silin ya gano inda ya fita ta bayan bene, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Daga nan na karɓa. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a Nima ya san yadda wayoyi suke a kan falwaya, kamar taliya a tukunya. Kwana biyu ina bin sa bayan an tashi aiki, kaina a sama, ina tuntuɓe da gwata. In ya ɓace mini in koma falwayar baya in sake. Mai koko ta tambaye ni ko jinjirin wata nake nema da rana. Ya tsallaka titi, ya bi bayan wani masallaci, ya shiga lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, ya sauka ta tagar wani shagon tela.

Telan dattijo ne mutumin Nijar, mai Hausa irin ta littafi. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗage wani ɗan ƙyalle mai kwalliya a bango, sai ga farin akwati yana ƙifta fitila. Ya ce da can shagon na masu kwamfuta ne, da za su tashi suka ce masa kada ya kuskura ya cire wannan daga wuta, masu shi za su zo. Shekara uku ke nan yana goge shi duk Juma'a. Bai san amfaninsa ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

"Ke ce masu shi?" ya ce.

Na ce ni ce aka aiko.

Washegari na rubuta takardar ƙarshe na liƙa: kati huɗu, rami bakwai, shagon tela, lungu na biyu bayan masallaci. Madam ta shigo ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Da ta kai wannan ta tsaya, na ba ta labari. Ta dubi Masta.

"Ka san da shi?"

"Ban sani ba."

"Wa ya gano?"

Ya nuna ni da haɓa.

Ta juya ta fita. Ina komawa teburina na iske makullin a kai, da zarensa. Ta leƙo daga ofishinta tana riƙe da waya a kunne, ta dubi ƙafata.

"Litinin sabuwar yarinya zai zo, ki nuna masa aiki. Ke kuma ki nemi takalmi mai rufi. Ba a hawa tsani da silifas."

Da aka tashi ban hau torotoro ba. Na taka zuwa kasuwar Nima, wurin masu gwanjo, na zauna a kan benci ina gwada takalman maza har na sami wanda ya yi mini.